Kwalabe Uku a Ƙarƙashin Keken Hajiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi a Riyad, amma idan aka ce in zaɓi rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah, wata safiyar Lahadi zan zaɓa. Abin bai wuce minti ashirin a kan titi ba, amma har yau idan na ji kwalba ta bugi 'yar'uwarta, ko da ta lemo ce a shagon unguwa, sai gabana ya faɗi.

Bari in fara da gidan. Ni direban gida ne a unguwar Shumaisi. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, ɗan ƙasa ne, amma asalinsu namu ne. Kakanninsa sun tafi hajji a ƙasa tun zamanin da, suka zauna a Makka, shi kuma aiki ya kawo shi Riyad. Hausarsa ta gaisuwa ce kawai, 'ya'yansa kuwa ko sannu ba su iya ba. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita kaɗai take da Hausa a baki, irin ta tsofaffi, tana yi tana haɗawa da Larabci. Babban aikina shi ne kai ta asibiti wankin ƙoda sau uku a mako.

Ina da ƙa'ida da ban taɓa karyawa ba. Kowace safiya kafin in kunna mota, abu na farko in zagaya tayoyi. Na biyu in duba mai da ruwa. Na uku in leƙa ƙarƙashin kujeru. Na huɗu in buɗe but, in ɗaga shimfiɗar ƙasa, in taɓa safayar taya da hannuna. Sannan in yi bismillah. 'Yan'uwana direbobi da muke haɗuwa a kasuwar Batha ranar Juma'a har suna suka sa mini, wai Sufeto. Ban damu ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san mota ba ta yafe wa mai gaggawa.

Sai maganar tsibiri. Wanda bai zauna Riyad a waɗancan shekarun ba zai yi wuya ya gane. Ba sinima, ba kiɗa a fili. Abin da ya rage wa samari shi ne cin abinci da zagaya titi a mota. Don haka duk yammacin Alhamis hanyar gabas takan cika maƙil, kowa ya nufi Bahrain, tsibirin da ke bayan doguwar gadar nan ta kan teku, tafiyar awa huɗu da wani abu. A can akwai duk abin da aka hana a nan. Idan sanyi ya shigo, ko hutun Sallah, an ce otal-otal cika suke har a rasa ɗaki, da azumi ya kama kuma sai wurin ya yi tsit. Ni ban taɓa tsallaka gadar ba, don baƙo ba ya fita ƙasar sai kafilinsa ya yi masa takarda. Na san tsibirin ne ta abin da mota take dawowa da shi: yashi a tabarmar ƙafa, warin shisha, da 'yan takardu masu launi da ake ɗaura wa mutum a wuyan hannu a ƙofar gidan rawa.

Autan maigida ne yake kawo mini waɗannan. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da shida, yana aiki a wani kamfani. Tasa motar ƙarama ce, saboda haka idan za su yi tafiya da abokai sai ya ɗauki babbar motar gida, ya ce wa mahaifinsa Dammam za su, birnin da ke kafin gadar. Ni ban taɓa cewa komai ba. Ba a tambaye ni ba, na kuma ɗauka ba ruwana. Nan ma kuskure ne, amma a lokacin ban gan shi ba.

A wancan makon ya kamata ya dawo da mota yammacin Asabar. Bai dawo ba. Na yi sallar asuba, na tsaya a ƙofar gida ina duba agogo. Hajiya ƙarfe bakwai ake sa ta a na'ura, kuma idan mutum ya makara sai a ba wani gurbinsa. Rabonta da wanki tun Alhamis, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta ma da ƙyar. Sai shida da rabi ta wuce ya shigo, idanu jajur. Ya jefo mini makulli daga nesa ya shige ciki.

Na duba tayoyi. Na duba mai da ruwa a gurguje. Na uku da na huɗu na ce a raina, idan na sauke ta a asibiti na yi. Na naɗe kekenta na marasa lafiya, na kwantar da shi a but, na taimaka mata ta zauna a baya, muka ɗauki hanya.

Ba mu yi nisa ba muka hau ɗan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Sai na ji ƙara daga baya, siririya, sau biyu. Ƙarar keken Hajiya na san ta, ta ƙarfe ce. Wannan ta gilashi ce, kuma daga ƙasa ta fito, daga ramin safaya. Babu abin da nake ajiyewa a wurin sai jak da sifana. Na tuna inda motar ta kwana uku, nan take na gane ko mene ne.

Ina cikin tunanin inda zan tsaya, muka sha kwana, sai ga shinge. A shekarar an tsananta binciken takardun baƙi, duk inda ka bi taftish ne, wato shingen bincike. Motocin 'yan sanda biyu sun rage hanya ta koma layi ɗaya. Motoci kamar goma ne a gabana, kafin in yi wani motsi wasu sun rufe ni ta baya. Ko da akwai hanya ma, wanda ya juya a gaban shinge ya kira su ne da kansa.

Kowane baƙo a ƙasar ya san hukuncin giya a mota. Kurkuku, bulala, sannan tarhil, a sa ka a jirgi ba dawowa. Ba a tambayar wa ya saka, wanda yake riƙe da sitiyari ake tambaya. Na tuna matata da yarana huɗu a Funtuwa. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne labarin da zai riga ni isa gida. Ni da ko sigari ban taɓa sawa a bakina ba, ni da nake jan 'yan ɗakinmu salla, a ce an koro ni saboda giya.

Mota ɗaya ta wuce. Saura tara.

"Ɗan nan, lafiyarka?" in ji Hajiya. "Ga sanyi, ga ka kana zufa."

Na yi niyyar in ce lafiya lau, amma na ga idan abin ya fashe gara ta riga ta sani.

"Hajiya, akwai kaya a bayan motar nan da ba ni na saka ba."

"Wane irin kaya?"

"Ban gani da idona ba. Ƙarar kwalba na ji."

Ina kallonta ta madubi, ta runtse ido. Can ta ce, "Dammam ɗin ke nan."

Saura mota shida.

"To, saurara," in ji ta. "Mota ta ɗana ce, da sunansa. In sun gani, ni zan ce kayan gidanmu ne."

"Hajiya, ni za su ɗauka."

"Za mu bi ka. Wallahi za mu bi ka."

Na kawar da idona daga madubi. Na san gidaje. Idan aka ce a zaɓa tsakanin ɗan gida da direba, na san wanda ake zaɓa, kuma ban ga laifin kowa ba.

"Au, kana ganin za mu sayar da kai?" Muryarta ta canza. "Shekara nawa kana ɗauka ta kamar uwarka, ka ɗauka..." Tari ya tsare ta, ba ta ƙarasa ba.

Saura biyu. Na fito da iƙama da lasisi da takardar mota, na jera su a hannu yadda na saba.

Ɗan sandan matashi ne, siriri. Ya karɓi takardu, ya duba hoto, ya dubi fuskata, ya sake duba hoto. Komai daidai. Har ya miƙo mini su, sai ya ja hannunsa baya, ya nuna bayan mota da haɓa. Ya ce in buɗe.

Na fito. Na ɗaga murfin but. Keken yana kwance a kan shimfiɗar, ya rufe ta duka. Ya leƙa gefe da gefe, sannan ya kama hannun keken ya ɗan ɗaga. Ni dai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, a zuci.

Sai na ji gilashin baya yana sauka. Hajiya ta leƙo da kanta, ta yi masa magana da Larabcinta na Makka, da ƙarfi, har na motar baya suna ji.

"Ya waladi, ɗana, tunda ka ɗaga shi, fito da shi gaba ɗaya. Ka zo ka tura ni asibiti da kanka, watakila ka fi wannan direban sauri. Ƙarfe bakwai na'ura take jira na."

Ta miƙo hannunta ta taga, wanda allurar wanki ta huda har ya yi ƙulu-ƙulu. Ya dubi hannun. Ya saki keken, ya faɗa wurinsa, kuma wallahi na ji kwalaben sun amsa. Ko hayaniyar titi ce ta rufe, ko Allah ne ya toshe masa kunne, ban sani ba.

"Allah ya ba ki lafiya, ya khala, inna. Ku yi haƙuri." Ya ba ni takarduna, ya buga murfin da kansa.

Bakwai da minti biyar muka isa, aka karɓe ta. Ba na ba da wannan labari don in nuna mun yi dabara. Ba mu yi ba. Tsohuwa mara lafiya ce ta sa mutuncinta a gaba ta kare ni, kuma har yau ina jin nauyin hakan.

Da na koma wurin ajiye motoci, na duba hagu da dama, na ɗaga shimfiɗar. Kwalabe uku ne, an naɗe su da tawul ɗin wanka a tsakiyar safaya. Na mayar na rufe. Ban taɓa su ba. Awa huɗu na yi zaune a bakin dakali nesa da motar, kamar ba ni na zo da ita ba.

Da aka fito da Hajiya, jikanta, autan nan, yana tura ta a wani keken asibiti. Ashe tana kan na'ura ta kira shi, ta ce ya hau tasi ya zo. Ya ƙi haɗa ido da ni. A galabaice take, amma ta ce da ni da Hausa, "Ba shi makulli."

Ya fara magana, wai na abokinsa ne, wai ya manta ne, wai ai ba abin da ya faru.

"Uskut," in ji ta, wato ya rufe baki. Ta juya Larabci don ya ji da kyau. "Yadda bawan Allahn nan ya ɗauko kayanka, haka za ka mayar da su. Ta hanyar da muka biyo. Mu muna bayanka a tasi."

"Sitti, kaka, akwai taftish a hanyar!"

"Ai na sani. Na gaisa da su."

Haka aka yi. Shingen yana nan, an ma ƙara wani a ɗaya hannun. Ina zaune a gaban tasi ina kallon motar da na fi sani a duniya tana matsawa a layi. Na ga yana ta goge fuska da gefen mayafin kansa. Da ya iso gaban ɗan sanda, aka dubi farar rigarsa, aka ɗaga masa hannu ya wuce. Ko gilashi bai sauke ba. Mu kuma aka tsayar da tasi, aka karɓi iƙamata da ta direban.

Hajiya ta ce a hankali, "Ka gani? Na san shi ba za su taɓa shi ba. So nake dai ya ɗanɗana." Mota ɗaya, kaya ɗaya, hanya ɗaya.

A gida ta sa ya zuba su a magudanar tsakar gida da hannunsa, mahaifinsa yana tsaye. Da yamma maigida ya kira ni, ya ba ni haƙuri, ya tambayi abin da nake so. Na ce abu biyu. Na farko, duk motar da ta kwana a waje, wanda ya fita da ita shi zai buɗe mini ita lungu-lungu kafin in karɓi makulli. Na biyu, idan an makara, a kira wa Hajiya tasi in raka ta, amma ba zan ƙara tsallake dubawa ba. Ya ce ya yarda.

Kafin in baro ƙasar abubuwa sun sauya. An buɗe sinima, ana kawo mawaƙa, idan sanyi ya shigo Riyad ce take cika da baƙi har a rasa wurin ajiye mota. Samari da yawa sun rage zuwa tsibiri, sai masu neman abin da har lokacin ba a sayarwa a nan. Autan ya yi aure, da hannuna na kai matarsa asibiti haihuwar fari. Hajiya kuwa Allah ya yi mata rasuwa shekara uku bayan wannan rana, Allah ya jiƙanta.

Abin da na koya shi ne, baƙo a ƙasar wani ba shi da ikon cewa ban sani ba. Abin da ke cikin motar da kake tuƙawa naka ne, ko wa ya saka shi. Shekara da shekaru ina ganin yashi da takardun hannu ina kawar da kai, wai ba ruwana, ashe ruwana ne tsundum. Kuma ranar da gaggawa ta ce maka yau dai tsallake, ranar ce aka yi ƙa'idar dominta. Minti biyu na so in rage. Yanzu ƙaramar mota nake ja a Funtuwa, tawa ce, ba mai taɓa ta sai ni, amma kowace safiya sai na ɗaga shimfiɗar nan na taɓa safaya kafin in yi bismillah.