Tifar yashi a bayan kekena

Yau da safe na taso daga unguwar New Bell a kekena zan je aiki, ruwan sama ya cika ramukan titin kasuwar Marché Congo. Sai na ji gurnanin tifa a bayana. Dama kwata, hagu baburan haya da ake kira bensikin, babu wurin kaucewa.

Direban, wani dattijo, ya rage gudu ya biyo ni a hankali. Motocin baya suna ta hon, ko a jikinsa.

Da danja ta tsayar da mu na ce, "Baba, na ɓata maka lokaci."

Ya yi dariya. "Doucement, bi a hankali, ɗana. Yashi na ɗauko, ba ya tsami. Kai kuwa ana jiranka a gida."

Har na isa ofis ina murmushi. Ku fa, wani direba ya taɓa tausaya muku haka a titi?