Askar Kawu

Kullen korona ya rufe shagunan aski a unguwarmu ta Wangsa Maju, jikana ya tara gemu kamar na bunsuru. Ina kallonsa sai Kawuna wanzami ya faɗo mini a rai.

Zamanin mulkin soja akwai wasu ɗalibai 'yan koren gwamnati, masu gora da adda, suna farautar 'yan uwansu. Duk mai gemu, a wurinsu ɗan gurguzu ne. Rannan ɗana, uban wannan jikan, ya faɗo gida a guje, gemu cike da fuska.

"Kawu, suna bayana!"

"Zauna, ja'iri. Gashi yana tsirowa, kai ba ya tsirowa."

Har yau ina jin ƙarar askar nan da ƙamshin sabulun salo. Suka iso zaure, suka tarar da ɗan nawa a sunkuye, ba gemu, kai ƙwal-kwabo, Kawu yana goge aska yana musu sannu. Suka wuce.

Ban yi boko ba, amma na san wanda ya bar mini ɗa. Na ce wa jikana, "Miƙo almakashi, angona, ni jinin wanzamai ce."

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya tsare kansa ranar tsayuwa yadda ya tsare namu.