Littafin Aljihuna a Hannun Jami'i

Jama'a, yau rubutun ajami ya kusa hana ni shiga New York!

Kun san na biya ta Kolon ta Jamus wajen ƙanena. Kwana biyu ina zaga tsohon garin da ƙafa, duk inda na tsaya sai in rubuta a littafin aljihu: babban coci, gada, tashar jirgin ƙasa, kowanne da lokaci a gefensa.

Ina sauka a filin jirgin saman New York, jami'in bincike ya buɗe littafin. Fuskarsa ta canza. Ya riƙe fasfona, ya kira mai jin Larabci.

Mutumin ya duba ya ce, "Haruffanmu ne, amma wannan ba Larabci ba ne."

Na ce Hausa ce. Jami'in ya ce sai wani ya tabbatar.

Aka nemo Malam Idi, dattijo Bahaushen Gana mai tura keken marasa lafiya a filin jirgin. Ya karanta yana fassara musu: "Gada, biyu saura kwata. Azahar ta yi, babu wurin alwala."

Ya dube ni. "Alhaji, ashe duk yawon nan famfo kake nema?"

Jami'in ya miƙo mini fasfona. Alhamdulillahi, ga ni gida Harlem.