Fom ɗin da Na Cika a Kan Bonet

Ni direba ne. Shekara da shekaru ina jigilar fasinja tsakanin Jega da Maiyama, lokacin albasa kuma in ƙara da buhuna daga Aliero. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin ya daɗe yana cin raina. Shi ya sa ranar sunan ɗana na fari na faɗa a tasha cewa likita aka haifa mini. Abokan aiki suka riƙe maganar. Tun daga ranar nan sunana ya ɓace, sai Baban Likita. Na so sunan nan fiye da yadda ya kamata.

Yaron ya taso da kaifin kunne. In mota ta shigo layinmu a Jega Firchin, kafin ya gan ta zai faɗi ta wane ce, har da abin da ke damun injinta. Amma in ka miƙa masa takarda, sai ya yi ta kallonta yana zufa. Ya taɓa ce mini haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Na ce shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, na ɗauko bulala.

Da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka aiko da fom, a zaɓa masa ajin kimiyya, ko na kasuwanci, ko makarantar koyon sana'a. Malamar ajinsu ta ce in zo da kaina. Kirista ce, aiki ya kawo ta Jega, Hausarta a hankali take fita.

"Malam, ɗanka ba daƙiƙi ba ne," in ji ta. "Idonsa ne ba ya shiri da rubutu. Akwai yara haka, ba lalaci ba ne. Ka san da me ya kawo wannan ajin?"

"Da ƙoƙarina mana."

"Da bakin ƙanwarsa."

Ashe kullum bayan la'asar ƙanwar ce ke karanta masa littattafansa da ƙarfi, shi kuma yana haddacewa. Na sha dawowa in same su a zaure, kai a haɗe bisa littafi. Ni a ganina shi ke koya mata. Har alfahari na yi da hakan a tasha.

Malamar ta ce ko dai in bar shi a makarantar jeka-ka-dawo kusa da ƙanwarsa, ko in kai shi koyon sana'a, inda hannu da kunne ke da daraja. Na yi mata godiya da baki. A zuciyata kuwa cewa na yi, wato nasu 'ya'yan su tafi jami'a, nawa ya ƙare a ƙarƙashin mota. Allah ya yafe mini wannan zato. Matar nan ta fi ni sanin ɗana.

A tasha aka ga fom a hannuna. Wani tsohon direba ya ce, "To, Baban Likita, mi aka ciki? Ko dai Baban Bakanike za mu koma?" Aka kwashe da dariya. Nan take na shimfiɗa takardar a kan bonet, na ja layi a ƙarƙashin kimiyya, na rubuta sunan wata makarantar kwana ta wajen Aliero.

A gida uwarsa ta ce, "Malam, ka tambaye shi?"

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

Shi kuwa abu ɗaya ya ce: "Baba, can wa za shi karanta mini?"

Na ce, "Idonka."

Ni na kai shi da motata. Aliero gari ne da ake kai masu karaya a yi musu ɗori. Ni kuwa lafiyayyen yaro na kai.

Ranar ziyara na same shi ya rame. Yaran ɗakinsu sun ji sunan da ake kirana da shi, don ni na faɗa da bakina ranar da na kawo shi. In an tashe shi karatu a aji ya fara in'ina, sai su ce, "A yi shiru, likita na duba marar lafiya." Bai gaya mini ba, wajen ƙanwarsa na ji daga baya. Ni abin da na yi ranar, na buɗe sakamakonsa a gaban mutane na ce ya ba ni kunya.

A shekara ta biyu ya dawo gida a bayan motar albasa, ko akwatinsa bai ɗauko ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi mini duk abin da kaka so, ba ni komawa." Na daina amsa gaisuwarsa har damina ta wuce. Da na sauko, na je neman malamar, aka ce an yi mata canjin wurin aiki. Na karɓo masa fom ɗin koyon sana'a da kaina. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Na gama da aji, Baba."

Yanzu yana Kimba, yana gyara injin ban ruwa na masu noman rani. Sun ce da jin ƙara yake gane ciwon inji. Ba shi da takardar shaida ko ɗaya, kuma ya riga ya rasa wani aiki saboda rashinta.

Yakan aiko wa uwarsa da ƙanwarsa saƙon murya a waya, dogo, cike da barkwanci. Ina tsayawa a bakin ƙofa in saurara, kamar mai neman takalminsa. Kwanakin baya na sa ƙanwar ta nuna mini yadda ake yi. Na danna, na faɗi laifina duka, har zancen bonet. Amsa ta zo kafin azahar. Ya ce, "Ba komai, Baba. Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Ban same shi da laifi ba, ladabi ya yi. Amma na duba tsawon saƙon, daƙiƙa huɗu ne. Wanda ya aiko wa uwarsa a ranar ya kai minti shida.

Na roƙi mutanen tasha su daina kirana da sunan nan. Sun ɗauka wasa nake yi. Har yau in an kira, ina amsawa.