Sunan da ya tsaya wa Asama'u

Asama'u 'yar Damagaram ce, amma a Alƙahira ta yi furfura. Mijinta yana saro takalma a kasuwar Ataba yana aikawa gida, ita kuma tana tuƙa tuwon sayarwa a Giza, ɗaliban Nijar da na Najeriya suna zuwa da kwanukansu. Duk wanda ya saba da muryarta ya san ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Illiyasu sunansa, amma a bakinta "yayanku" ne, ko "na Ostiraliya". Haka ta taso ta ga uwarta tana yi.

Karatu ya kai Illiyasu can, ya zama mai zane. Bana ya fitar da littafin tarihin ƙuruciyarsa, duk zane ne, maganar kowa a gefen bakinsa, ya aiko mata da ɗaya. Ba ta jin Turanci, amma hoto ba ya neman tafinta. Ga ta nan da muciya, har tabon ƙunar da ke hannunta. Sai dai a kowane shafi ta juya wa yaron baya.

Ta sa autarta Huda ta karanta mata. Huda ta yi ta kewaye-kewaye, wai Turancin da wuya, wai miya za ta kama. Da aka matsa mata, ta ce ya rubuta yana jin matan Masar suna ƙwala wa 'ya'yansu kira daga baranda, shi bai taɓa jin nasa sunan a bakin uwarsa ba.

Tun daga ranar gishiri ya fara yi wa miyarta yawa. Ta tambayi mijinta, ashe yaron bai san alkunya ce ba? Ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, a Masar ya tashi, wa ya gaya masa? Ta tambayi Huda ko yayanta ya ɗauka ƙin sa take yi. Huda ta sunkuyar da kai.

Ran Juma'a ta ce a kira mata shi a waya.

"Inna, kin ga littafin?"

"Na gani. Ka ƙara mini hanci."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a maƙogwaro. Sai ta miƙa wa Huda wayar.

"Gaya wa yayanki dalili. Kar ki rage komai, ina nan ina ji."

Huda ta fara bayani. Asama'u ta matso da kunnenta don ta ji abin da zai ce.