Kawu Isiyaku da Inshorarsa

Ku da kuka zauna a unguwar Muraƙƙabat ta Dubai kun san Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyar maigidana Sagir, ba ya amsa gaisuwar baƙo sai ya ji irin bizarsa. Kana cewa "Ina kwana, Kawu?" zai ce, "Lafiya. Ta zama ce ko ta ziyara?" Duk saboda tsohuwar motar nan tasa ruwan toka, kada wani ya yi sha'awar makullinta.

Ranar da yayansa, Alhaji Babba, ya zo daga Kano sarin kaya, ya miƙa hannu ya ce, "Isiyaku, ba ni makulli in leƙa kasuwar Sabka." Kawu ya damƙe aljihu.

"Yaya, a Kano kai ne babba. A nan inshorata ba ta san ka ba. Ba ka da ikama, takardar zama, ba ka da lasin garin nan, ka goge wani wa zai biya?"

"Ni fa na koya maka tuƙi!"

"Ka koya min, ba ka koya wa kamfanin ba. Shiga baya, yalla mu tafi."

Wallahi haka Alhaji ya shiga baya yana huci, ga zafin Dubai, ga Kawu ya ƙi kunna esi wai tana shan mai!

Ko kun tuna murnarsa da ya gano inshorar garin nan wata goma sha uku ce? Har gida ya zo ya same ni ina tuƙa tuwo. "Hadiza, mutanen nan sun san ciniki! Na sayi shekara, sun ba ni gyara!"

Shekarar korona ce ta nuna mana waye shi. Sito ɗin da Sagir ke aiki a unguwar masana'antu ta DIP ya rufe, aka soke bizarsa. Inshorar motarmu ta ƙare, aka ce ba a sabuntawa sai da ikama mai rai. Ga ni da tsohon ciki, asibiti da nisa, Sagir ya ce zai riƙa fita da ita a haka. Kawu ya ƙwace makullin.

"Ka fita a kama ka, a haɗa da matarka a kora? Khalas, magana ta ƙare! Daga yau ni ne direbanku."

Bai taɓa fashin kai ni awo ba. Ranar da naƙuda ta taso, da rana tsaka, Kawu na tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci sai hon suke mana. Na ce, "Kawu, don Allah taka, zai fito!"

Ko waiwayowa bai yi ba. "Shuwayya, a hankali, 'yata. Ki ce masa ya dakata, shi ma ba shi da ikama!"

Ina kuka ina dariya muka isa, kuma a ranar, don ni, ya kunna esi. Na sauka lafiya, namiji. Da Sagir ya ce sunansa za a sa wa yaron, Kawu ya juya wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Sagir ya samu sabon aiki, yaron na rarrafe Kawu ya rasu. Ya Allah, bawan nan naka ya ɗauke mu lokacin da ba mu da mai ɗauka. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka raya mana takwaransa da irin zuciyarsa. Amin.