Rediyoyin Kawu Biyu

Jiya na tsinci rediyoyin marigayi Kawu guda biyu, duk sun yi tsatsa. Tare yake kunna su a gonarmu ta Kadawa, kowace da tasharta. Da wata jam'iyya ta ce za ta ciyo bashi ta yashe mana kanal ɗin ban ruwa, tasha ɗaya ta ce hangen nesa ne, ɗayar ta ce almubazzaranci. Da mulki ya juya, sai kowace tasha ta koma faɗin abin da ɗayar take faɗa a da.

Kawu ya caka sandarsa a kanal, ta fito da taɓo mai wari. Ya ce, "Ɗana, ga labaran gaskiya."

Yau ciyawar kacala ta cinye kanal ɗin, tashoshin ba su sauya ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan da ba ya jiran kasafin kowa.